Tambaya da Amsa: Da gaske akwai ruwa a tozon raƙumi?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Gardama ta kaure a majalisarmu. Wasu sun ce a tozo raƙumi yake adana ruwa, shi ya sa yake kwanaki bai sha ba. Haka ne? Sannan dabbobin ƙasashen ƙanƙara, me ke hana su daskarewa? Daga wani ɗalibi a Gumel.

Amsa: Ɗana, barka kadai. Ni ma da wannan zance na tashi, har ranar da na tsaya a mayanka ina kallo mahauci ya tsaga tozon wata taguwa. Ko ɗigon ruwa babu. Kitse ne fari fat, dunƙule guda, wuƙa na shiga da ƙyar. Guzurin abinci ne, shi ya sa raƙumin da ya sha doguwar tafiya da yunwa za ka ga tozonsa ya zube ya kwanta gefe.

Asirin raƙumi tsimin ruwa ne. Kai da ni, rana na ɗagawa sai zufa. Shi kuwa idan ƙishi ya kama shi, yakan bar jikinsa ya yi ta ɗaukar zafi, daga wajen digiri 34 da asuba har ya haura 40 da la'asar, sannan ya sauke zafin cikin sanyin dare ba tare da ya yi asarar ruwa ba. Wani masani, Knut Schmidt-Nielsen, ya auna wannan a hamadar Aljeriya cikin shekarun 1950. Fitsarinsa kaɗan ne mai kauri, kashinsa busasshe ƙayau har ana hura wuta da shi. Ran da ya iske rijiya kuwa, yana iya shanye kusan lita 100 cikin ƴan mintuna. Da wannan baiwa ayarin Buzaye ke ratsa hamadar Tenere daga Agadas zuwa Bilma ɗauko gishiri.

Abin da ya fi burge ni shi ne inda Allah Ya ajiye masa kitsen. Da ya lulluɓe jikin duka, da ya zame masa bargo a tsakiyar rana. Sai aka tara shi wuri guda a gadon baya, sauran jiki na shan iska.

A ƙasashen sanyi kuwa bargon ake nema. Farin beyar, wani ƙaton naman daji na yankin Aktik a ƙarshen arewacin duniya, kitsensa shimfiɗe yake ƙarƙashin fata, kaurinsa kan kai santimita 10, ga gashi ninki biyu, ga ƴan kunnuwa ƙanana don kada zafi ya tsere. Kwatanta da yanyawar sahara, ƴar mitsitsiya da fankama-fankaman kunnuwa da take fitar da zafi ta cikinsu. Manyan fengwin, tsuntsayen teku da ba sa tashi sama, na Antatika a ƙarshen kudancin duniya, su kuma cunkushewa suke yi, na gefe ya shiga tsakiya, na tsakiya ya fito, alhali kowane namiji na riƙe da ƙwai a kan ƙafafunsa kusan wata biyu.

Ka kuma faɗa wa ƴan majalisarku akwai raƙumi mai tozo biyu a hamadar Gobi, tsakanin Sin da Mongoliya. Da hunturu, sanyi na kai digiri 30 ƙasa da sifiri, yakan tsiro gashi buya-buya. Zafi na shigowa sai gashin ya riƙa zubewa faci-faci kamar tsohon tsumma.