Amsa ga 'yar'uwar da aka ce ƙashin bayanta ya goce

'Yar'uwa, Allah ya ba ki lafiya. Kin ce hoto ya nuna ƙashi na huɗu na ƙugunki ya zame gaba a kan na biyar, kina tambaya ko mai ɗori zai iya mayar da shi ko kuwa sai an yi aiki. Wannan ciwo shi ne nawa, kuma ina roƙonki da girman Allah kada ki bari kowa ya ce zai danna shi ya koma.

Ni dangi ne suka kai ni wurin wani mai ɗori, ya kwantar da ni rub da ciki a kan tabarma, ya sa yaransa biyu suka riƙe mini ƙafafu, ya ɗora gwiwarsa a ƙuguna ya danna da dukan nauyinsa, ina kuka yana cewa raki ne irin na mata. Daren nan ƙafata ta hagu ta koma kamar ba tawa ba, ko banɗaki sai da aka riƙe ni. Har yau abin yana ci mini rai, domin ko takardar hoton bai buɗe ba.

Ki tambayi likita matakin gocewar. Idan ba ta wuce kashi 25 cikin 100 na faɗin ƙashin ba, mataki na ɗaya ke nan, kuma yawancin masu irinsa ba sa kaiwa ga tiyata. Ki nemi a ɗauki hoton kina tsaye, saboda kwanciya takan ɓoye gocewar. Abin da ya taimake ni shi ne sashen gashin ƙashi, inda aka koya mini atisayen ƙarfafa naman ciki da na baya, na kuma daina ɗaga bokitin ruwa. Doguwar tsayuwa ce ke tsananta matsewar jijiya da gocewar ke jawowa, shi ya sa ciwon kan lafa idan kin zauna ko kin sunkuya. Ni a zaune nake tarawihi. Ki yi hattara da shan maganin rage ciwo na diclofenac kullum ba da umarnin likita ba, domin yana taɓa ciki da ƙoda.

Amma idan fitsari ko bayan gida ya fara kuɓuce miki, ko tsakanin cinyoyinki ya mutu, ko ƙafa tana ta ƙara rauni, ki tafi asibiti a ranar, ko da tsakar dare ne, domin a nan ana iya buƙatar aiki cikin gaggawa.