Kuskuren ɗinkin Salla: sakacin yara ne ko tsarin shago?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni tela ne a Maradi, ina da kekuna biyar da yara shida. Duk goman ƙarshe na azumi kwana muke yi muna ɗinki, wani lokaci har sahur. Bana yarona da ya fi kowa hannu ya yanka shaddar wani Alhaji da awon wani mutum daban, sai da na biya. Ga ciwon baya da na wuya da kowa ke kuka da shi, har ni. Na yi faɗa, na yanke wa wasu kuɗi, ba abin da ya canza. Sakaci ne, ko akwai abin da ban gane ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya mayar da alheri.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wanda ya yi kuskuren. Gwanin shago ne, kuma ruwa ba ya tsami banza. Da ni ne a wurin, kafin in tambayi halinsa zan tambayi ƙarfe nawa abin ya faru, awa nawa ya yi bai runtsa ba, kuma ina aka rubuta awon. Fanninmu, ilimin daidaita aiki da ɗan Adam, daga irin waɗannan tambayoyi ya taso. A yaƙin duniya na biyu matuƙan jirgin yaƙin Amurka samfurin B-17 sun riƙa naɗe tayoyin jirgi bayan sun sauka, jirgi ya daki ƙasa da ciki, a rubuta cewa laifin matuƙi ne. A 1943 wani masani, Alphonse Chapanis, ya shiga ɗakin tuƙin ya tarar maɓallin tayoyi da na fukafukan rage gudu kamarsu ɗaya, suna kuma kusa da juna. Aka maƙala ƴar tayar roba a kan na tayoyi, aka canza wa ɗayan siffa, yadda hannu zai bambance su ko ido bai duba ba. Kuskuren ya kau, alhali matuƙan nan dai su ne.

To dubi shagonka da wannan idon. Farar shadda biyu a ninke kan tebur ɗaya, awon ɗaya a littafi, na ɗayan a bayan kwali ko a kan maigida, ƙarfe uku na dare. Ko kai ne za ka iya musanyawa. Tun ranar karɓa a rubuta lamba da alli a bakin yadi, a maƙala masa takardar awonsa da fil, kada su rabu har riga ta fita. Kafin almakashi ya taɓa yadi kuma, ɗaya ya karanta suna da awo da ƙarfi, wani ya duba. Kada ka raina wannan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da irin wannan takardar dubawa ta ɗakin tiyata a 2008, inda ake tabbatar da sunan majinyaci da wurin da za a yanka kafin a sa wuƙa, kuma a asibitoci 8 da aka gwada ta mace-mace sun ragu daga kashi 1.5 cikin ɗari zuwa 0.8. Ɗinki ana farke shi, yanka ba ya komawa. Saboda haka yanka aikin safiya ne, bayan an yi barci. Guga, sa maɓalli da tsinke zare su ne na dare.

Batun barci shi ne babba. A 1997 masu bincike biyu a Ostireliya, Drew Dawson da Kathryn Reid, sun nuna cewa wanda ya yi awa 17 a farke, daidaituwar idonsa da hannunsa tana raguwa kamar ta mai barasa kashi 0.05 cikin ɗari a jini, wato iyakar da Faransa ta sa wa direbobi. A awa 24 abin ya ninka. Yi lissafi: yaron da ya tashi sahur ƙarfe 4 da rabi, bai rama da rana ba, ƙarfe 9 da rabi na dare ya cika awa 17, daidai lokacin da aka dawo daga asham ana cewa yanzu aiki ya fara. Abin tsoron shi ne mai bashin barci ba ya jin yadda ya lalace. In ka tambaye shi zai ce maka garau yake, kuma ba ƙarya yake yi ba, haka yake ji.

Za ka ce in ba a kwana ba aiki ba zai fita ba. Wannan ma an gwada. A 1915 Ingila ta kafa kwamitin duba lafiyar ma'aikatan harsashi, waɗanda ake sa su dogayen awoyi saboda yaƙi. Da masanin tattalin arziki John Pencavel ya sake bin alkaluman a 2014, ya ga cewa har kusan awa 49 a mako kaya na ƙaruwa daidai da ƙarin lokaci, daga nan sai ƙarin ya riƙa ja baya, har abin da ake samu a awa 70 bai wuce na awa 56 da wani abin kirki ba. Ƙara da farke-farken gobe da kuɗin shaddar da ka biya, ka ga nawa daren ya kawo maka. In kwanan ya zama dole, raba yaran biyu: masu dare su yi barcin rana na gaske a wuri mai iska, masu safe su tafi gida bayan asham.

Ciwon baya kuwa tsohon abokin tela ne. Likitan Italiya Bernardino Ramazzini ya ambaci teloli da masu ɗinkin takalma cikin littafinsa na cututtukan masu sana'a tun 1700. Na taɓa zama a wani shago ina kallon wani saurayi kan benci marar jingina, ƙwan lantarki na bayansa, inuwar kansa ta rufe allura, shi kuma yana ƙara sunkuyawa don ya ga layi har hancinsa ya kusa taɓa keke. Ba shi ya zaɓi wannan zaman ba, fitila ce ta zaɓa masa. Haske ya sauka kan allura daga gefe. Fuskar tebur ta zo daidai gwiwar hannu, kafaɗa a sake. Gajere a ƙara masa matashi, dogo a ɗaga masa keke da katako, kujera ta samu jingina a ƙugu. Yanka a yi shi a tsaye kan tebur, a daina durƙuso kan tabarma. Duk bayan rabin awa ko awa a miƙe na minti biyu. Ga zafin Maradi ƙarƙashin rufin kwano, ga azumi: rahoton Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya na 2019 ya ce a zafin digiri 33 zuwa 34 mai aikin matsakaicin ƙarfi yana rasa rabin ƙarfin aikinsa. Fitar da dutsen guga na gawayi waje, a buɗe wa iska hanya gaba da baya.

Sai kai kanka, Malam, ka yi haƙuri da ni. Kuskuren daren 27 tun ranar 10 ga azumi aka shuka shi, ranar da ka ji nauyin ce wa babban mutum aiki ya cika. Kowa yana ƙiyasta aikinsa da ranar da komai ya tafi daidai, ba a ɗauke wuta ba, keke bai tsaya ba, yaro bai kwanta ba. Buɗe littafin bara ka ƙirga kaya nawa suka fita da gaske a rana, ka ninka da kwanakin da suka rage, ka rubuta ranar rufe karɓa a ƙofa. Yanke kuɗi kuma ka bar shi, don abin da yake koya wa yaro shi ne ɓoye kuskure, sai mai kaya ya gano da kansa ranar jajibir.

Ka sa ido kan tiramol. Wasu samari na shan sa don su jure dare, alhali yana kama mutum har ya kasa barin sa, yana kuma iya jawo farfaɗiya. Wanda yatsunsa ke mutuwa da dare, ko ciwon baya ke sauka masa har ƙafa, ya je ya ga likita, kada ya jira bayan Salla.