Matsakaici ba ya gaya maka ranar da katanga za ta faɗi

Sani, saƙonka ya same ni a ƙauyenmu can bayan Ringim, ina zaune a zaure ana tsuga ruwa. Tambayarka a kan filasma ce, wato gas ɗin nan mai tsananin zafi da ake riƙewa a cikin tokamak, tukunyar da ake neman samar da makamashi da ita. Ka ce: "Malam, tunda ma'auni ya ba mu lambobi sama da miliyan daga gefen filasma, me zai hana mu ɗauki matsakaicinsu mu huta?"

Shekaranjiya katangar maƙwabcinmu ta zube. In ka tara ruwan watan nan ka raba da kwana talatin, ba abin tsoro ba ne. Amma dare ɗaya aka yi shi kamar da bakin ƙwarya, ya ci gindin katangar, da asuba sai ga ta a ƙasa. Bangon tokamak ma haka yake.

Ka san tukunyar, siffarta kamar gammo, maganaɗisu ne ke riƙe da filasma a tsakiya don kada ta taɓa ƙarfe. A ITER, babbar tokamak da ake ginawa a kudancin Faransa, zafin cikin zai kai digiri miliyan 150. Amma a gefe layukan maganaɗisun a buɗe suke, kan ƙarfe suke ƙarewa. Kuma a nan filasma ba tsatsafowa take yi a hankali ba. Ɓallewa take yi dunƙule-dunƙule, kaurin kowanne kamar santimita ɗaya, ya miƙe bisa layin maganaɗisu kamar zare, ya nufi bango da gudun ɗaruruwan mita a daƙiƙa. Ƙarfen tungsten da ake shimfiɗawa inda zafi ke sauka sai a digiri 3422 yake narkewa, amma dukan yau da gobe yana ɓantarar masa ƙwayoyi, su koma ciki su sanyaya wutar.

Saboda haka abu uku muke tambayar kowane dunƙule: yaushe ya zo, yaya girmansa, ya daɗe nawa. Muna ɗauka kowanne zuwan kansa yake yi, bai san da na gabansa ba. Wannan shi ne tsarin Poisson. Ƙanana sun fi yawa, manya jefi-jefi. A ma'auni za ka ga ya tashi farat ɗaya, sannan ya sauka a hankali, duka cikin 'yan gomomin mikrosakan, wato kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa kowanne. In ka tara su ka zana yadda lambobin suka rarrabu, siffar da ake kira rabon Gamma ke fitowa, mai doguwar jela ta wajen manyan lambobi. A jelar nan ɓarna take.

Lamba ɗaya nake so ka riƙe: daɗewar dunƙule a raba da matsakaicin jiran da ke tsakaninsu. In tana da girma, suna hawa kan juna kamar ruwa a kan kwano, ƙara ɗaya kake ji. In ƙarama ce, kamar ɗigon indararo ne bayan an ɗauke, kana iya ƙirga su. In ta kai 4, kaɗawar siginar, wato hawa da saukar abin da ma'auni ke nunawa, rabin matsakaici ce. In ta sauko 1, kaɗawar ta yi daidai da matsakaicin kansa. Kana matsowa bango lambar tana raguwa. Malaman Tromso a Norway sun gwada wannan a kan bayanan tokamak uku, Alcator C-Mod ta Amurka, wadda aka rufe a 2016, da TCV ta Suwizalan da KSTAR ta Koriya ta Kudu, ya zauna daidai.

Ni kaina na taɓa cin tuntuɓe a nan. Na sa iyaka, na ƙirga abin da ya haura ta kawai, na ce su ke nan. Ashe inda biyu suka hau juna ɗaya na ƙirga, ƙananan kuwa duk sun sulale, lokacin jirana ya fito dogo fiye da gaskiya. Wata guda na ɓata.

To ka fara duba ko filasmar ta tsaya cik a tsawon awon, ka cire jan da take yi sama ko ƙasa, sannan ka zana rabon. Ka turo min kafin Juma'a. Sabis a nan sai na hau tudun makaranta, don haka kada ka ga shiru ka ɗauka ban gani ba.