Kowa Da Haƙƙinsa: Amsar Wasiƙunku Na Wannan Wata

Assalamu alaikum. Wasiƙu huɗu na zaɓa a wannan karon, dukkansu daga karkara. Na cire sunayen masu su kamar yadda muka saba.

Wata baiwar Allah daga wani ƙauye kusa da Ringim ta rubuto: "Malam, mijina ya sake ni, na gama idda a gidanmu. 'Ya'yanmu biyu, namiji ɗan shekara huɗu da mace da ban daɗe da yaye ta ba. Ranar kasuwa wansa ya zo da babur ya kwashe su, wai ɗa na uba ne. Yanzu suna hannun kishiyata. Ina da ta cewa kuwa?"

'Yar'uwa, Allah ya sanyaya miki zuciya. Kina da ta cewa, babba ma. Ɗa na uba ne wajen dangantaka da ciyarwa, amma riƙo magana ce daban. Kotunan shari'ar Musulunci na Kano da Jigawa da mazhabar Malikiyya suke hukunci, kuma a mazhabar, haƙƙin riƙon yaro bayan saki, wanda malamai ke kira hadana, na uwa ne: namiji har ya balaga, mace har ta tare a ɗakin mijinta. Wannan yana cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, littafin da ake karantawa a zaurukan garuruwanmu tun kaka da kakanni. Ko kin yi wani auren, riƙon ba ya tsallakewa kai tsaye zuwa ga uban. Mahaifiyarki ce a gaba, sannan yayarki ko ƙanwarki, idan aka bi layin dangin uwa. Shi kuma uba ci da sutura da magani suna wuyansa, ko a hannun wa yaran suke.

Ban da sake aure, abin da zai iya raba ki da su shi ne a tabbatar wa alƙali cewa yaran ba su da aminci a wurinki, ko kuma ya zama khul'i kika yi kika yafe riƙon a cikin sharaɗin rabuwar. Tunda saki ne ya yi miki, wannan na biyun bai shafe ki ba.

Shekarun da na yi ina magatakarda a kotu, na sha ganin irin wannan. Har yau ina tuna wata mata da ta wuni a gindin darbejiyar bakin kotu, riƙe da takalman 'yarta a leda, don ranar da aka ɗauke yarinyar ko takalmi ba a bari ta sa ba. Wata bakwai ta yi tana kuka a ɗaki kafin wani ya gaya mata tana iya kai ƙara. Kada ki jira haka. Ki sa mahaifinki ko wanki ya je wurin mai unguwa da liman a kira uban yaran. In bai ji ba, akwai Hisba, in ta gagara sai kotu. Ba dole sai da lauya ba, da bakinki za ki faɗa wa alƙali. Ki tafi da takardar sakin, da katin rigakafin yaran, da mutum biyu da suka ga lokacin da aka ɗauke su.

Wani manomin rani daga Kura ya ce: "Na sayar da buhu shida na shinkafa na sayi injin ban ruwa a birni, aka ce sabo ne dal. Kwana tara ya tsaya. Bakanike ya buɗe ya ce tsohon ciki ne aka yi wa fenti. Mai shagon ya nuna min rasit inda aka rubuta ba a dawo da kaya."

Malam, wannan rubutun ba ya wanke algus. Dokar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye damar mayar da kayan da ya same su da lahani ko suka saɓa wa yadda aka siffanta masa. A shari'a ma haka ne: wanda ya sayi abu ya tarar da ɓoyayyen aibi da ya riga cinikin, yana da zaɓin mayarwa ya karɓi kuɗinsa. Hadisin da ya ce wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu, a kasuwa aka faɗe shi, a kan tsibin hatsi da aka ɓoye jiƙaƙƙen a ƙasa.

Ka daina tayar da injin, kada kuma ka bari a sauya masa ko kusa ɗaya. Ka adana rasit da kwali. Ka tafi da bakaniken wurin shugaban 'yan kasuwar layin, sau da yawa a nan ake gamawa, don ɗan kasuwa ba ya son a ɓata masa suna a gaban maƙwabtansa. In ya ƙi, gwamnatin Kano tana da hukumar kare haƙƙin masu saye, ka kai musu koke a rubuce. Amma ka shirya wa tambaya ɗaya: za su ce ko ka tayar da shi babu baƙin mai. Shaidar bakaniken ce amsarka. Ka hanzarta, tumatir ba ya jiran shari'a.

Wani dattijo daga yankin Gumel ya tambaya: "Wasu samari sun zo garinmu suna rubuta sunaye wai za a ba da tallafi. Sun ɗauki hoton takardar NIN ɗina, sun karɓi BVN da lambar da ta shigo wayata. Tallafi bai zo ba, sai ga saƙo wai na ci bashi."

Baba, an cuce ka, kuma ba kai kaɗai ba ne. Wannan lambar da ke shigowa waya makulli ce, ko ma'aikacin banki ba shi da hurumin tambayar ka ita. Gobe da safe ka je bankinka da katin shaidarka, ka ce a toshe katin cirar kuɗi a duba asusun, ka rubuta cewa ba kai ka ci bashin ba, su buga hatimi a kwafinka. Daga nan ka kai rahoto ofishin 'yan sanda ka karɓi shaidar rahoton. Sashe na 37 na kundin tsarin mulki na 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa, sannan dokar kare bayanai ta 2023 ta kafa hukumar NDPC, wadda ake kai wa ƙarar duk wanda ya yi amfani da bayanan mutum ba da yardarsa ba. Idan masu bashin suka fara kiran 'yan'uwanka suna ci maka mutunci, wannan ma ƙara ce, FCCPC ta sha hukunta masu ba da bashi ta waya a kan haka. Ina roƙon dagaci ya sa a yi shela a masallacin Juma'a, a tara duk waɗanda aka rubuta a kai koken tare.

Ta ƙarshe daga wata uwa ce a Gaya, da aka koro ɗanta ɗan aji huɗu daga firamaren gwamnati saboda kuɗin jarrabawa. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce shekara shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare kyauta ne kuma dole ne a makarantun gwamnati. Gudummawar da iyaye suka amince da ita a taronsu ba dalilin korar yaro ba ce. Ki fara da hedimasta cikin mutunci, da shugaban kwamitin iyayen makarantar. In ba a mayar da shi aji ba, sakataren ilimi yana nan a sakatariyar ƙaramar hukuma, ki je da yaron da kayan makarantarsa a jikinsa.