Tambaya da Amsa: Tsaunin Everest na Wace Ƙasa Ne?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Musu ya kaure tsakanina da abokan aikina a kan tsaunin Everest. Ni na ce a Nefal yake, su kuma suka dage a kan cewa a ƙasar Sin yake. Wa ke da gaskiya, kuma ta yaya dutsen da ke nahiyar Asiya ya samu sunan Bature? Daga wata malamar firamare a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ke da abokan aikinki kowa ya riƙe rabin gaskiya, domin iyakar ƙasashen biyu ta bi ta kan ƙololuwar tsaunin ne, kamar yadda yarjejeniyar iyaka ta 1961 ta tabbatar. Gefen kudu na Nefal ne, gefen arewa kuma yana yankin Tibet da ke ƙarƙashin Sin. Mu ma muna da irin wannan a gida, wato Chappal Waddi na jihar Taraba, wanda ke kusa da iyakar Kamaru, sai dai tsawonsa mita 2,419 ne kawai.

Batun suna kuwa ya fi tsawo. Lokacin da Turawan Ingila ke auna ƙasar Indiya, Nefal ba ta yarda baƙi su shiga ba, saboda haka daga nesa suka riƙa hango duwatsun Himalaya da na'urorinsu suna ba su lambobi, wannan kuma suka kira shi tsauni na 15. A 1852 wani masanin lissafi Ba'indiye, Radhanath Sikdar, ya gano daga alƙaluman cewa babu tsaunin da ya kai shi a duniya. Shugaban ma'aikatar awon, Andrew Waugh, ya bayyana sakamakon a 1856, ya kuma nemi a raɗa wa tsaunin sunan magabacinsa a muƙamin, George Everest, bisa hujjar cewa bai samu wani suna da mutanen wurin suka haɗu a kai ba. Shi kansa Everest bai so hakan ba, domin a cewarsa mutanen Indiya ba za su iya furta sunan ba, amma duk da haka aka tabbatar da shi a 1865.

A ganina hujjar Waugh ba ta da ƙarfi, tun da mutanen Tibet sun daɗe suna kiransa Chomolungma, har sunan ya fito a wata taswira da aka buga a Faransa fiye da shekara 100 kafin awon nasu. Da wannan suna Sin take amfani har yau. Gwamnatin Nefal kuma ta tsayar da sunan Sagarmatha a shekarun 1960.

Ta gefen Nefal ne Edmund Hillary da Tenzing Norgay suka fara kaiwa ƙololuwa ranar 29 ga Mayu, 1953. Har tsawon tsaunin ma sai da ya zama abin jayayya, domin Nefal tana lissafawa da dusar ƙanƙarar da ke samansa, Sin kuwa a 2005 ta auna zallar dutsen ta samu mita 8,844.43. Sai a Disambar 2020 suka sanar da adadi ɗaya tare, wato mita 8,848.86, kuma shi ya kamata ki riƙa koya wa ɗalibanki.