Tambayi Likita: Aikin ƙugu ta ƴar ƙaramar kafa ga tsoho

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Muna zaune a unguwar Bagalam, Maraɗi. Mahaifina shekararsa 73, yana da ciwon sukari da hawan jini. Daga gida zuwa masallaci sai ya tsaya ya huta, ƙafafunsa su yi nauyi su mutu, amma in ya zauna ko ya duƙa sai ya ji sauƙi. An yi masa hoton IRM (hoton na'ura mai nuna cikin jiki) a Yamai, aka ce hanyar jijiya ta tsuke a ƙugu. Yayana da ke Kano ya ce akwai aikin zamani da ake yi ta ƴar ƙaramar kafa, babu haɗari. Gaskiya ne? Daga wata mai karatu.

AMSA: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya ba Baba lafiya. Aikin yana nan, kuma yana da amfani. Ana tsaga fata kamar santimita 2, a zura bututu, a cire ƙashi da tantanin da suka danne jijiya. Jini kaɗan ne ke zuba, mara lafiya yakan tashi da wuri. Amma "babu haɗari" ɗin nan ban yarda da shi ba. Fata ce aka yi wa ƙaramin rauni, aikin ciki kuwa a jikin jijiya ake yin sa.

Ƙasusuwan ƙugu 5 ne, tsukewar ta fi yawa tsakanin na 4 da na 5. A nan jijiyoyi suna cikin wata jaka mai ruwa, wadda a jikin tsoho takan yi siriri ta manne wa ƙashi. In ta yage ruwan ya zuba, mutum ya riƙa ciwon kai da zarar ya miƙe, ya lafa in ya kwanta. Ana iya gyara shi, sai dai kwanciyar asibiti ta ƙaru. Jijiyar kanta na iya taɓuwa, ƙafa ta yi rauni.

Abin da ya fi damuna shi ne jikin Baba. Sukarin da bai daidaitu ba yana hana rauni warkewa, ya jawo ruɓa. Ana yi wa mutum allurar barci sannan a kifa shi rub da ciki, don haka sai an auna zuciya da ƙoda tukuna. Bayan aiki wasu tsofaffi kan ruɗe na ƴan kwanaki, su kasa gane ƴaƴansu, ƴan uwa su ce iska ce, alhali maganin barci da rashin ruwa a jiki ne sukan jawo shi. Fitsari kan tsaya wa tsoho namiji, jini kuma yana iya daskarewa a ƙafa in an daɗe kwance, ko an yi doguwar tafiya a mota da wuri. In yana shan asfirin ko wani maganin tsinka jini, ku faɗa wa likita, kada ku tsayar da maganin da kanku.

Ku tambayi mai aikin: buɗe hanyar kawai zai yi, ko har da ɗaure ƙasusuwa da kusoshi? Na biyun ya fi nauyi sosai, kuma in ƙashin tsoho ya yi laushi, kusa takan saki kamar a bangon ƙasa. Ku kuma tambaye shi sau nawa ya yi irin wannan aikin, da wanda zai duba Baba in kun dawo Maraɗi. Ni a ganina wannan ta ƙarshe ita ce mutanenmu suka fi mantawa. Aikin ya fi magance ciwon ƙafa, ciwon bayan kansa ba lallai ya tafi ba.

In Baba bai gwada motsa jiki a hannun masu gashin ƙashi ba, a fara da wannan, a kuma rage masa maganin ciwo diklofenak na masu talla, don yana cin ƙoda. Amma in fitsari ko bayan gida ya fara kufce masa, ko tsakanin cinyoyinsa ya mutu, ko ya fara jan ƙafa, ku kai shi asibiti a ranar.