Masassarar da ke tafiya tana dawowa: amsa ga mai tambaya

'Yar'uwa, sannu da jinya, Allah ya ba yaro lafiya. Kin ce sau biyu yana shan maganin maleriya cikin wata guda amma masassara na dawowa, har kina tunanin komawa kan kulorokwin. Na ga irin wannan da ɗiyata damina biyu da suka wuce, nan Argungu inda sauron fadama ba ya ɗaga wa kowa ƙafa.

Kulorokwin dai ki cire shi a ranki. Ƙwayar cutar ta daɗe da gane lagonsa, shi ya sa tun 2005 aka koma kan haɗin da ake kira ACT, irin su Coartem. Shi ma an fara ganin ƙwayar tana yi masa taurin kai, da fari a Kambodiya, daga baya a Ruwanda da Yuganda, amma nan ƙasar har yanzu shi likitoci ke rubutawa, kuma yana aiki.

Ni ma da na ce maganin ne ba ya ci, ashe laifina ne. Na sayo Coartem a kyamis, na ba ta cikin dare ba ta ci komai ba, ba a jima ba ta amayar, ban sake ba ta ba. Kwana biyu jiki ya yi sanyi, ta fita wasa, sai na ƙulle sauran a leda na jefa cikin kwalla wai don gaba. Bayan kwana goma ta dawo tana rawar ɗari. Da malamar asibiti ta tambaye ni sau nawa ta sha, kunya ta hana ni ɗaga kai.

Sau shida ake shan Coartem cikin kwana uku: na biyu bayan awa takwas da na farko, sannan safe da dare. Sai da abu mai maiƙo yake shiga jini sosai, madara ko kunun gyaɗa ko tuwo da man shanu. In yaro ya yi amai kafin rabin awa, a sake ba shi. Kuma da nauyinsa ake ƙirga ƙwayoyin, don haka a ɗora shi kan sikeli.

In kin tabbata duk kin yi haka, kada ki tsaya kan gwajin yatsan nan mai kama da na ciki, don yakan ci gaba da nuna layi biyu makonni bayan an warke. Ki nemi a duba jinin a madubin lab. In ƙwayar na nan kuma ba a cika kwana 28 da shan magani ba, likita zai canza masa wani haɗin; ki tafi da kwalin tsohon, ki kuma faɗa in ya sha maganin damina da ake rabawa gida-gida. In babu ƙwayar cutar a jinin, a duba kunne, maƙogwaro da fitsari. Wataƙila ma sabon cizo ne: binciken ƙasa na 2021 ya samu ƙwayar a jinin kashi 49 cikin ɗari na ƙananan yaran Kebbi, fiye da kowace jiha.

Allurar nan guda ɗaya da ake yi a kyamis, ita na fi tsoro. Tana kwantar da zafi ta bar sauran ƙwayoyin cutar da rai. Allurar atesunet ta maleriya mai tsanani ce, aƙalla uku cikin awa 24, sannan a bi da ƙwayoyin ACT na kwana uku cif. In kin ga jijjiga, ko ya kasa shan ruwa, ko tafin hannunsa ya yi fari fat, ko da tsakar dare ne ku nufi asibiti.

Tawa dai da aka auna ta aka sake ba ta Coartem ɗin, na riƙa sa ƙararrawa a waya ina tashinta da kofin madara, har muka ga kaka ba ta sake kwanciya ba.